Muryar Babayo Za Ta Kanada

A unguwar Gangare ta Jos in aka ce wane ya san Turawa, to Babayo mai gyaran agogo ake nufi, don shi ya fara faɗa, kuma bai bar kunnen kowa ya huta ba sai da aka karɓa. Teburinsa na barandar kantin Okey, da ɗan akwatin gilashi cike da agogunan mutane, kowanne na nuna lokacin da ya ga dama. In ka kai masa agogo mai jinkirin minti biyar, ranar da ka karɓo sai ka tarar ya koma gudu, ka yi la'asar liman bai gama cin abincin rana ba. Amma dai ba don agogo ake zama wurin Babayo ba. Labari ake zuwa sha, na shekara goma sha ɗaya da ya ce ya yi yana hannun daman Manaja a kamfanin kuza. Tsofaffin unguwa sun san mako uku ya yi yana ban ruwan furanni, aka sallame shi ranar da ya tuge shukar matar Manaja yana zaton ciyawa ce. Sun sani, shi ma ya san sun sani, amma ko wata ɗaya bai taɓa ragewa daga shekarun nan ba.

Ran wata Talata cikin damunar 1978, sai ga wata Baturiya ta tsaya da ɗan babur ɗinta a ƙofar kantin, ta ce a ba ta batir goma sha biyu. Malama Bernadette ce, mai koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Hausarta ba laifi, tana kai ta kasuwa ta dawo da ita.

Okey ya ce, "Madam, wannan batir duka rediyo ɗaya zai ci?"

Ta buɗe jaka ta nuna masa rakoda. Ta ce, "Waƙa nake nema. Ni daga Kanada ne, wani tsibiri na masu kamun kifi. Kakannin mu sun zo daga Ayalan da Ingila, shekara ɗari biyu yanzu, sun zo da waƙoƙin su. Can ƙasar asali an manta da yawa, amma tsofaffin mu suna riƙe da su. Kaka ta tana da waƙa ɗaya, na mutum da ya tafi teku, matan shi tana jira. Baiti huɗu kawai ta tuna, sauran ya ɓace. Makon jiya cikin kasuwa na ji wani yana rera shi, kafin in juya ban gan shi ba."

Ta ɗan rera musu karin a hankali. Sannan ta ce tana zaton Turawan kuza ne suka bar waƙar a bakin ma'aikatansu, kuma ranar Lahadi za ta koma gida ke nan. Duk wanda ya san waƙar, za ta ɗauki muryarsa ta tafi da ita Kanada, a ajiye da sunansa.

Babayo ya cire gilashin duba agogo daga ido, ya miƙe tsaye a hankali, ya gyara hula.

"Malama, kin gama nema. Waƙar nan ni da Manaja muka riƙa yin ta. In ya ɗauko baiti ni nake sauke masa. Wani lokacin ma shi ke tambayata abin da ke biye."

Okey ya ce, "Oga Babayo, ni shekara takwas ina nan, ko fito ban taɓa ji ka yi ba."

"Kai wa ya tambaye ka? Ana yi wa mai sayar da batir waƙar Turawa? Malama, ki zo ƙofar gidana ranar Asabar bayan azahar."

Kafin magariba babu lungun da labari bai shiga ba, don Babayo da ƙafarsa ya kai shi. Ya gaya wa mahauta, ya gaya wa masu shayi, ya aika har unguwar Ali Kazaure aka shaida wa surukinsa cewa muryar mijin 'yarsa za ta ƙetare teku. Sai da ya zauna gaban tuwo ya tuna abu guda: ko kalma ɗaya ta waƙar bai sani ba.

Matarsa Jummare ta dube shi ta ce, "Malam, kai da waƙar Turawa? Kai da in ka yi wa jariri waƙa sai ya ƙara kuka?"

"Ke dai ki bari. Tana nan cikin kaina, kwanciya ta yi."

"To ta daɗe tana barci. Yaya karin yake?"

Ya gwada abin da ya ji a bakin Baturiya. Duk da ya karkatar da shi, Jummare ta gane. Ta ce ai wannan ita ce waƙar da Baba Pwajok yake gunguni in ya kawo kabeji da karas a kan kekensa. Babayo ya ce shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan, ta riga shi.

Washegari da sassafe ya nufi bayan Anguwan Rukuba, inda Baba Pwajok ke da lambu a bakin wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Tsoho ne ɗan Birom, siriri, marar yawan magana. Shekara ashirin da biyu ya yi yana kuku a gidan wani injiniya ɗan ƙasar Ayalan.

Pwajok ya ce, "Oga na, duk Lahadi in yana aski sai ya rera shi. Wani lokaci har ya yi kuka. Baiti ashirin da uku ne."

"Ashirin da me? Waƙa ce ko tafiya Makka a ƙasa? To Baba, ɗan yi min in ji ko taka daidai take da tawa."

Tsohon ya ajiye bokitin ban ruwa, ya zauna kan dutse, ya ɗora hannu bisa gwiwa, ya rufe ido, ya fara. Ba kiɗa, ba tafi, ba ko kaɗa ƙafa. Murya ce kawai tana hawa tana sauka a hankali. Babayo ya yi ta jiran inda za a shiga amshi, har aka kai ƙarshe ba a shiga ba. A ransa ya ce, lallai Turawa na cikin wahala.

Ya fito da takarda da 'yar kwalbar tawada da ya aro wurin malamin unguwa, ya sa tsohon ya yi ta maimaitawa yana rubuta abin da kunnensa ya ji da ajami. Sai da rana ta take suka gama. Ya ninke takardar ya cusa cikin hula, ya kama hanya yana taƙama. Bai kai rabi ba hadari ya haɗo, irin na Jos da ba ya sallama, aka tsuge da ruwa har da ƙanƙara. Tawadar allo kuwa an san halinta da ruwa. Da ya iso kantin Okey, baiti ashirin da uku duk sun gangaro daga hula sun bi goshi sun taru a gemu.

Okey ya dube shi ya ce, "Oga, wa ya rubuta maka wasiƙa a fuska?"

"Sirrin mawaƙa ne. Ba za ka gane ba."

Abin da ya rage a kansa baiti ɗaya ne da rabi. Ranar Alhamis da hantsi ya kulle kansa a ɗaki, ya zauna, ya rufe ido yadda ya ga tsohon ya yi, ya saki murya. Bai yi minti goma ba sai ga maƙwabciyarsu Hajjo ta faɗo gidan da mayafi a karkace, tana salati.

"Jummare, waye? Waye ya rasu?"

Jummare na tsakar gida tana tankaɗe, ta ce, "Ba kowa, Hajjo. Malam ne yake waƙa."

Ba a rufe baki ba aka ji sallamar Hammajoda dillalin shanu a zaure, da igiya a hannu, yana tambaya wace saniya ce ke naƙuda, a yi maza a ba shi hanya kafin ɗan maraƙin ya shaƙe. Babayo ya fito fuska a murtuke ya ce duk jahilci ne ke damun unguwar nan. Hammajoda ya ce ya yarda, amma shi shekara talatin yana cikin shanu, kuma ko yanzu a kotu zai rantse da abin da ya ji.

Da suka watse Babayo ya zauna ya yi nazari, ya kuwa gano inda matsalar take. Ba muryarsa ba ce. Waƙar ce aka kawo ta tsirara. Ina aka taɓa waƙa ba makaɗi, ba 'yan amshi, ba a ambaci sunan kowa ba, ba a ce wane ɗan wane ba? Dole ta yi kama da makoki. Baturiyar nan ta sha wahalar hanya, kakarta ma ta sha wahala, duk don ba su sami wanda zai yi wa waƙar sutura ba. To ga shi Allah ya kawo su wurin mai yi.

Ranar Juma'a ya ɗauko masu kalangun mahauta su uku. Ya ɗauko sanƙira mai muryar da ake ji daga tasha. Ya sa Hajjo ta tara mata masu guɗa. Saura abu ɗaya, wato baiti ashirin da ɗaya da rabi da ba ya da su. Sai ya koma lambu, ya sami Pwajok, ya yi fuskar mai kawo mugun labari.

"Baba, ka ji an turo Baturiya daga can? Waƙar nan ashe kayan kamfani ce. An duba ajiya ba a gan ta ba, ana neman wanda ya tafi da ita."

Tsohon ya saki bokiti. "Waƙa ma suna bin shi?"

"Turawa ne fa, Baba. Cokali ɗaya in ya ɓace sai an rubuta Ingila."

Pwajok ya sunkuyar da kai, don akwai wani cokalin Ogansa da har yau yake gidansa.

Babayo ya dafa kafaɗarsa. "Kada ka damu, ni zan ɗauki laifin. Zan ce tawa ce. Ni sun san ni, ba abin da za su yi min. Kai dai ka zauna bayan zana inda ba mai ganinka, in na sunkuyo ka faɗa min abin da ke biye."

Tsohon ya yi ta godiya, har ya cika masa buhu da kabeji.

Ranar Asabar Malama Bernadette ta iso tana zaton ɗaki za ta samu da mutum ɗaya a zaune. Sai ta tarar da rabin Gangare a ƙofar gida. An kafa rumfa, an jera benci, an kewaye bayan rumfar da zana. Surukin Babayo na zaune a gaba da carbi. Shi kuwa gogan ya sha babbar riga mai aska takwas, wadda duk wanda ya san Hammajoda ya san ta.

Sanƙira na hango ta ya ɗaga murya: "Ga ta nan! Baturiya 'yar Baturiya, jikar masu teku! Kifi ya gan ki ya yi sallama!" Mata suka rangaɗa guɗa, kalangu ya ɗauka.

Ta toshe kunne ɗaya ta matso kusa da Babayo. "Malam, don Allah, murya kaɗai nake so. Ba kiɗa. Yadda ka ji shi a bakin Manaja, haka nake so, ko da kuskure a ciki. Mu haka tsofaffin mu suke yi."

"Malama, can ne. Nan ba ma fitar da waƙa tsirara gaban surukai. Mu ma muna da kunya. Ki zauna kawai ki ga yadda ake gyara abu."

Ta ɗora rakoda kan tebur, ta kafa makirfo a gabanta. Babayo ya ce a'a, ai muryarsa aka zo ɗauka, ba ta tebur ba. Ya fizgi makirfon da doguwar wayarsa, ya zura shi cikin aljihun ƙirjin babbar riga, kansa na leƙowa daidai ƙarƙashin gemu. Tun da farko ya riga ya gaya wa makaɗa cewa duk sanda suka ga ya sunkuya jikin zana, su ƙara wa kalangu wuta.

Aka fara. Baitin farko ya fita da ƙarfin tsiya, a guje, don kalangun mahauta ba ya jiran kowa. Matar da ke jiran mijinta a bakin teku ta koma rawar kasuwa. 'Yan amshi ba su san me ake cewa ba, sai suka riƙa amsawa da "Haka ne, Babayo!" Sanƙira na tsoma sunan duk wanda ya gani, har da Okey, wanda ya ce da shi mai batir ɗin da ba ya mutuwa. Rabin baitin da ya rage masa na ƙarewa, Babayo ya yi wani juyi, ya baza riga, ya sunkuya jikin zana yana kaɗa kafaɗa. Kalangu ya ƙara wuta. Jama'a suka ɗauka salon rawar Turawa ne, samari biyu ma suka tashi suka shiga kwaikwayo. Haka aka yi ta yi, ya taso ya yi ihu, ya koma ya sunkuya, har sau tara. Malama Bernadette na zaune ta zuba tagumi, ranta a ɓace, tana kallon kaset ɗinta yana ƙarewa a banza.

Da aka tsaya, tafi ya kaure. Babayo na haki, gumi na zuba, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku yi shiru! Kafin muryar nan ta hau jirgi, ya kamata 'yan gida su fara ji. Malama, mayar da shi baya, ki ƙure ƙara."

Ta ce, "Malam, gara in saurara ni kaɗai tukuna."

"Haba, Malama, rowa za ki yi mana? Okey, ƙure mata."

Okey ya murɗa ƙarar har ƙarshe. Aka yi tsit. Sai ga kalangu, ga muryar Babayo tana tsage rakoda, mutane na murmushi suna gyaɗa kai. Can sai kiɗan ya koma nesa, aka ji shafar zana, sannan wata murya ta fito tar, kamar a kunnen kowa ake raɗa ta.

"Baba! Baba, me ke biye?"

Wata tsohuwar murya ta amsa, "Ka tsallake baiti shida."

"Bar su, wa ya sani? 'Yan Gangaren nan ko kukan jaki na yi musu da Turanci tafi za su yi. Me ke biye?"

Murmushi ya ɗauke daga fuskoki. Hammajoda ya gyara zama. Rakoda ta ci gaba da aikinta, ba ruwanta. Aka ji ihu, aka ji kalangu, aka sake jin zana.

"A hankali, Baba, don girman Allah! Ka rufa min asiri, ga surukina can a gaba, tsohon da ba ya raina abin magana."

"Kai ba ka ce shekara sha ɗaya ka yi da su ba?"

"Mako uku ne, Baba, mako uku! Me ke biye?"

Surukin ya ajiye carbi a cinya. Daga cikin mata aka ji muryar Jummare tana cewa, "Hajjo, matsa min in wuce ciki."

Babayo ya yi tsalle zai kashe rakoda, ya manta waya na aljihunsa. Wayar ta harɗe ƙafarsa, ya yi baya, ya rungumi zana don kada ya faɗi, suka tafi ƙasa tare. Sai ga Baba Pwajok a fili, a tsugune kan ɗan kututture, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Madam, ba ni na sace shi ba! Oga ne ya rera, kunne na ya ɗauka! In kamfani yana so, ya karɓa!"

Dariyar da aka yi ran nan har masu sayar da doya a bakin titi sai da suka zo tambaya. Malama Bernadette ce kaɗai ba ta yi ba. Tun da ta ji 'yar muryar nan ta bayan zana tana ba da baiti, ta miƙe tsaye. Ta zo ta durƙusa gaban tsohon, ta gaya masa ba kamfanin da ya aiko ta, kuma waƙa ba a satar ta, wanda ya riƙe ta shi ne mai ita. Ta roƙe shi ya rera mata yadda ya ji. Pwajok ya juya ya yi wa Babayo wani kallo mai tsawo, sannan ya ce a ba shi benci.

Ta sa sabon kaset. Makaɗa suka rungume kalangunsu. Tsohon ya ɗora hannu bisa gwiwa, ya rufe ido, ya fara. Ba wanda ya san me kalmomin ke cewa, amma ba wanda ya yi tari. A baiti huɗun farko Malama Bernadette ta bi shi a hankali da irin na kakarta, wani wuri su haɗu, wani wuri su ɗan rabu. Da ya shiga na biyar ta yi shiru, hawaye na zuba, don tun tana yarinya take jin an tsaya a nan, yau ga shi an wuce. Daɗi da kewar gida suka haɗu suka cika mata ciki. Har Hajjo, da ba ta san teku ba sai a labari, sai da ta share ido da bakin mayafi.

Ana gamawa, mutane suka kewaye tsohon suna sa masa albarka. Babayo ya lallaɓo ta gefe, riga duk ƙasa, ya rage murya.

"Malama, wancan na farkon, a goge shi kawai. Gwaji ne."

"Ba zan iya ba, Malam. A aikin mu ba a goge komai, ko tari ne. Kuma a ciki aka fara jin muryan Baba. Za a ajiye shi a jami'a."

"Har yaushe?"

"Shekara ɗari, ko ya fi. Ɗalibai za su riƙa saurara." Ta ɗauko biro ta juya bayan kaset. "Yaya cikakken sunan ka?"

Babayo ya waiga hagu da dama. "Rubuta Okey."

Okey ya daka tsalle. "Ni? Allah ya kiyaye! Madam, kar ka rubuta!"

Sanƙira kuwa, da ya ji ana neman sunan mutum a bainar jama'a, ya san aikinsa ne ya zo. Ya cika ƙirji da iska ya saki: "Babayo mai agogo! Babayo ɗan Buba, jikan Sambo mai farar saniya! Na Gangare, mijin Jummare, surukin Alhaji na Ali Kazaure!" Malama Bernadette ta bi shi tana rubutawa, har ta ce ya maimaita sunan kakan, ya maimaita mata sau biyu.

Babayo ya tsaya yana kallon biron na tafiya. Can wani tunani ya zo masa, fuskarsa ta ɗan saki. Ya sunkuyo.

"Malama, mutanen Kanadan nan, suna jin Hausa?"

Ta ce, "A'a, ko kaɗan."

Ya yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi."

Ta rufe biro ta jefa a jaka. "Shi ya sa zan fassara musu duka, kalma da kalma."